Yadda Ake Zama Kakakin Gwamnati, Daga Teburin Rubuta Sanarwa Zuwa Gaban Kyamara

Na yi shekaru ina magana da yawun wasu, kuma matasa da dama sun koyi aikin a hannuna. Abin da suka fi tambaya a ranar farko shi ne yadda za su daina rawar murya a gaban kyamara. Nakan ce su ajiye wannan tukuna. Tsayuwa gaban 'yan jarida ba ta cika wuce sa'a guda a yini ba. Sauran lokacin yana tafiya ne wajen neman sanin abin da gwamnati ta yanke da gaske, da wanda ya yanke shi, da abin da aka amince a faɗa. Kakaki ba ya busa kansa. Maganar ta maigida ce, manufar ta gwamnati ce, abin da yake naka na kanka shi ne yardar da ɓangarori biyu suka yi da kai: wanda kake magana da yawunsa, da ɗan jaridar da ke sauraronka.

Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin rubutu, amma ƙanwata, har da ke nake. Tun 1993 Dee Dee Myers ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin sakatariyar yaɗa labarai a fadar shugaban Amurka, kuma mata da yawa sun biyo bayanta a ƙasashe daban-daban.

Kayan aiki

Na farko alƙalami mai sauri. Idan ba za ka iya karanta takarda mai shafi 30 ka fitar da jigonta a sakin layi biyu ba, koyon wannan shi ne aikinka na yanzu. Ka iya rubutu da magana a harshen da gwamnati ke aiki da shi, da kuma harshen da mafi yawan jama'a ke ji. Sanarwar da aka fassara a gurguje takan haifi wata fitinar dabam.

Sai littafin rubutu mai kauri wanda ba a yage shafinsa. Duk bayanin da aka ba ka, rubuta wanda ya faɗa, da rana, da lokaci. Wata rana littafin nan ne zai wanke ka. Ka haɗa da na'urar naɗar murya. Wayarka ma ta isa, muddin ba ka manta kunnawa a kowace hira. Layin waya biyu, ɗaya na aiki ɗaya na iyali, da batirin ko-ta-kwana, don wayar kakaki ba ta mutuwa ranar da aka fi nemansa.

Akwai kuma kundin amsoshi: kowane batu da shafinsa, matsayin gwamnati a sama, alƙaluma a ƙasa, sai sunan jami'in da ya tabbatar da su. A takarda ko a kwamfuta, duk ɗaya ne, in dai ana sabunta shi kullum. Kusa da shi ka ajiye kundin tsarin mulki, da kasafin kuɗin shekara, da alƙawuran da maigidanka ya yi lokacin zaɓe, domin da su za a riƙa ƙure ka. Sannan jerin 'yan jarida: wa ke bin wane fanni, wane ne editansa, ƙarfe nawa yake miƙa labari.

Takardar digiri a aikin jarida, ko kimiyyar siyasa, ko shari'a, ko tattalin arziki tana taimakawa. Wanda bai da ita zai iya cike giɓin da gajerun kwasa-kwasan aikin jarida da hulɗa da jama'a, tare da tarin rubuce-rubucen da aka buga masa. Abu na ƙarshe, koma ka karanta duk abin da ka taɓa wallafawa a Facebook da X. Ranar da aka sanar da sunanka, wasu za su tono su kafin magariba.

Mataki na 1: Zaɓi ƙofar da za ka shiga

Ba a cika tallata gurbin kakakin shugaba a ce mai so ya nema ba. Kiran mutum ake yi don an ga aikinsa a wani wuri, kuma ƙofofi uku aka fi bi.

Ta farko ɗakin labarai. Alastair Campbell ya taɓa zama editan siyasa na jaridar Daily Mirror kafin ya koma wajen Tony Blair, shugaban jam'iyyar Labour ta Birtaniya, a 1994. Steffen Seibert yana gabatar da labarai a tashar ZDF lokacin da Angela Merkel ta ɗauke shi a 2010, ya yi shekara 11 yana magana da yawun gwamnatin Jamus. Olusegun Adeniyi daga jaridar ThisDay ya je wajen Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007, haka Femi Adesina da Garba Shehu duk sun shugabanci ƙungiyar editocin Najeriya kafin su yi aiki da Muhammadu Buhari daga 2015. Mai shigowa ta nan ya san abin da ke zama kanun labari, ya san matsin da ɗan jarida ke ciki. Rauninsa shi ne bai san yadda fayil ke tafiya a ma'aikata ba, kuma bakinsa ya saba da faɗin duk abin da ya sani.

Ta biyu aikin gwamnati: ka shiga a matsayin jami'in yaɗa labarai ko jami'in diflomasiyya, ka yi ta hawa. Dmitry Peskov ma'aikacin ofishin jakadancin Rasha ne a Turkiyya kafin ya shiga fadar Kremlin, inda ya zama kakakin Shugaba Vladimir Putin. A Birtaniya, kakakin Firaminista na hukuma ma'aikacin gwamnati ne, ba ɗan jam'iyya ba. Maganganun siyasa wani hadimi dabam ke yin su. Wannan ƙofa ta fi kwanciyar hankali, don sauyin gwamnati ba ya raba ka da albashi. Sai dai tana koya wa mutum harshen fayil, irin wanda za a yi minti biyar ana magana ba a ce komai ba.

Ta uku yaƙin neman zaɓe da ofisoshin 'yan siyasa. Jen Psaki ta yi aiki a yaƙin neman zaɓen Barack Obama, ta zama kakakin ma'aikatar harkokin wajen Amurka a 2013, sannan ta riƙe muƙamin kakakin fadar shugaban ƙasa a 2021. Karoline Leavitt ta kai wannan kujera a 2025 tana da shekara 27, ta hanyar ƙaramin muƙami a ofishin yaɗa labarai, da ofishin wata 'yar majalisa, da yaƙin neman zaɓen 2024. Ƙofar nan ta fi sauri, tana kuma ba da kusanci da maigida. Haɗarinta shi ne mutum ya zo da ɗabi'ar faɗa, ya ɗauki kowane mai tambaya a matsayin ɗan adawa.

Ka sani kuma a wasu ƙasashe kujerar ta minista ce. A Faransa Gabriel Attal ya yi kakakin gwamnati daga 2020 zuwa 2022, ya zama Firaminista a 2024. A Japan Yoshihide Suga ya yi kusan shekara takwas yana babban sakataren majalisar ministoci, mai ganawa da 'yan jarida sau biyu a ranar aiki, kafin ya gaji Shinzo Abe a kujerar Firaminista a 2020. Don haka ka fara binciken yadda dokar ƙasarka ta tsara muƙamin.

Ra'ayina, matashin da ke da zaɓi ya yi shekara uku zuwa biyar a ɗakin labarai tukuna. In hakan bai samu ba, ofishin ɗan majalisa, ko ƙungiyar ƙwadago, ko wata ƙaramar hukuma duk makaranta ce.

Mataki na 2: Koyi aikin daga ƙasa

Aikin farko da za a ba ka ba mai armashi ba ne: tashi da asuba ka karanta jaridu, ka saurari rediyo, ka duba kafafen sada zumunta, ka haɗa wa manya taƙaitaccen rahoto kafin su shigo ofis. Kada ka raina shi. A nan ake koyon bambanta hayaniyar da za ta mutu kafin azahar da ƙaramin labarin da zai zama gobara jibi. Kuskuren sababbi shi ne su ɓoye labaran suka don kada ran maigida ya ɓaci. Sa su a sama. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin ɗan jarida a bainar jama'a.

Daga nan sai rubuta sanarwar manema labarai. Jimlar farko ta ɗauki labarin gaba ɗaya: wa ya yi me, yaushe, a ina, kuma me ya shafi jama'a a ciki. Dalili da ƙarin bayani su biyo baya, kalaman shugaba su zo a sakin layi na biyu ko na uku, lambar wanda za a tuntuɓa a ƙasa. Shafi ɗaya ya isa. Sanarwar da ta fara da layi huɗu na kirari da jerin muƙamai, edita ba ya kai wa ga na biyar. Kada ka ƙirƙiro wa maigida kalamai ka saki ba tare da ya gani ba, ko da ka tabbata haka zai faɗa. Duk wani adadi, sai ka gan shi a rubuce daga sashen da ke da alhakinsa.

Mataki na 3: Ƙware a fanni ɗaya

Kafin a ba ka bakin gwamnati gaba ɗaya, nemi ka zama kakakin hukuma ko ma'aikata ɗaya: lafiya, kuɗi, tsaro, ilimi, ko wanne. Zauna da injiniyoyi da likitoci da akantoci, ka yi ta tambaya har ka iya yi wa wanda bai je makaranta ba bayani ya gane. Shekara biyu a irin wannan kujera za ta haɗa ka da kasafi, da yajin aiki, da zargi, da aƙalla masifa ɗaya. Masu neman kakaki na sama irin wannan tarihi suke dubawa.

Mataki na 4: Kafin ka ce ka karɓa

Nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. An kira ka, zuciya ta yi fari, sai ka amsa ba ka tambayi komai ba. Ƙanena, dakata. Nemi zama da maigidan kansa, ba da hadimansa ba, ka yi masa tambayoyi cikin ladabi.

Zan iya ganinka kai-tsaye, ko sai ta hannun wani? Zan zauna a tarukan da ake yanke shawara? Mu nawa ne masu magana da yawunka, kuma maganar wa ce ta ƙarshe? Wa ke riƙe da shafukanka na sada zumunta? Sannan ka faɗa masa a fili cewa za ka kare shi iyakar ƙarfinka, za ka riƙe sirrinsa, amma ba za ka faɗi abin da ka san ƙarya ne ba. Yadda ya karɓi wannan magana zai nuna maka irin zaman da za ku yi.

Dalilin da ya sa na nace kan shiga taro, ka dubi abin da ya faru a Jamus ta Gabas ranar 9 ga Nuwamba, 1989. An miƙa wa Günter Schabowski, mai magana da yawun jam'iyya mai mulki, takarda kan sabuwar dokar tafiye-tafiye jim kaɗan kafin ya gana da 'yan jarida, alhali bai halarci zaman da aka tattauna ta ba. Ya karanta, aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki, ya duba takardunsa ya ce a iya saninsa nan take. Shirin hukuma kuwa sai washegari ne, kuma bisa tsari. Jama'a suka ji a talabijin, suka yi cincirindo a mashigun kan iyaka, a daren nan aka buɗe katangar Berlin. Duniya ta yi murna da sakamakon, amma ta fuskar sana'a darasin a bayyane yake: mutum ya sanar da abin da bai san cikinsa ba.

Akwai kuma wanda na cikin gida suka ɓatar. A 2003 Scott McClellan, kakakin fadar shugaban Amurka, ya tabbatar wa 'yan jarida cewa wasu manyan hadimai biyu ba su da hannu a fallasa sunan wata jami'ar leƙen asiri. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa bayanin da aka ba shi ba gaskiya ba ne. Shi ya sa nake cewa ka rubuta wanda ya faɗa maka, kuma a batu mai nauyi ka ce "wane ya shaida mini cewa", kada ka ɗora rantsuwarka a kan abin da ba ka gani ba.

Idan ba a ba ka kujera a taro ba, abin da ya rage shi ne ka nemi minti goma da maigida kowace safiya, da izinin kiran kowane minista ko darakta kai-tsaye. In duka biyun sun gagara, shawarata kada ka karɓa. Za ka zama mai karanta takarda ne kawai, kuma 'yan jarida za su gane cikin mako guda.

Mataki na 5: Gina hulɗa da 'yan jarida

Makon farko, zagaya ɗakunan labarai da ƙafarka, har da na kafofin da ke sukar maigidanka. Su ne ma suka fi cancantar ziyara. Ɗauki waya in an kira. In ba ka da amsa, faɗi lokacin da za ka samo, kuma ka cika. Ɗan jarida yana iya yafe maka rashin amsa, amma ba ya manta wanda ya sa shi ya buga ƙarya da sunansa.

Ka san sharuɗɗan magana, ka kuma faɗe su kafin ka buɗe baki, ba bayan ka gama ba. Akwai maganar da za a buga da sunanka. Akwai wadda za a buga a ce "wani jami'i da ya nemi a sakaya sunansa". Akwai wadda ba za a buga ba sam, don fahimta kawai aka yi ta. Akwai kuma takardar da ake bayarwa da wuri bisa sharaɗin ba za a saki ba sai lokaci kaza. Ma'anar waɗannan takan bambanta daga gidan jarida zuwa wani, saboda haka ku daidaita a baki: me za ka rubuta, da sunan wa? Duk da haka, magana zarar bunu ce. Abin da zai rusa ka idan ya fita, kada ka faɗe shi a ƙarƙashin kowane sharaɗi.

Kada ka sayi labari da kuɗi, kada ka yi wa ɗan jarida barazana, kada ka kai ƙararsa wajen mai gidan jaridar kafin ka yi magana da shi. In ya yi kuskure, kira shi, nuna masa hujja, nemi gyara. Wanda ka saya yau, gobe wani zai fi ka tayi.

Mataki na 6: Shirya ganawa

Ƙasashe sun bambanta a tsari. A Jamus ƙungiyar 'yan jarida ce ke gayyatar masu magana da yawun gwamnati sau uku a mako, ita ke jagorantar zaman. A Majalisar Ɗinkin Duniya, ofishin kakakin Babban Sakatare yana ganawa da manema labarai da tsakar rana a ranakun aiki. Ɗakin ganawa na fadar shugaban Amurka kujera 49 gare shi. Shiri kuwa iri ɗaya ne a ko'ina.

Da safe ka zauna da ma'aikatanka ku rubuta tambayoyi goma mafiya zafi da za a iya yi. Raba su ga ma'aikatun da abin ya shafa, a kawo amsa a rubuce. Abin da ya taɓa maigida kai-tsaye, je ka ji daga bakinsa. Zaɓi saƙo biyu ko uku da kake so su fita, kada su wuce haka. Sannan ku yi gwaji: wani ya zama ɗan jarida mai taurin kai, ya matsa maka har ka ji gumi. In ba ka da ma'aikata, naɗi kanka a waya ka kalla.

Gargaɗi a nan: ɗauki gwaji tamkar ganawar gaske. A Disamban 2021 Allegra Stratton, wadda ta taɓa zama kakakin Firaminista Boris Johnson, ta yi murabus a Birtaniya bayan fitar bidiyon wani gwaji da aka naɗa shekara guda kafin nan, inda aka gan ta tana dariya kan tambayar wata liyafa da aka yi a ofishin Firaminista lokacin kullen korona. Duk makirufo ka ɗauka a kunne yake. Minti biyar kafin ka fita, sake duba waya, don labari yakan fashe kana kan hanyar zauren.

Mataki na 7: A gaban kyamara

Saurari tambaya har ƙarshe. Amsa a jimlar farko, bayani ya biyo baya, sannan ka yi shiru. Shirun da ke biyo bayan amsa tarko ne. Mai tsoronsa yakan cike shi da katoɓara. Kada ka maimaita mummunar kalmar da aka sa a tambaya, don ita za a yanko a sa a bakinka. Tambayar "da a ce kaza ya faru" ba dole ka bi ta ba. Kada ka yi hasashe, kada ka faɗi ra'ayinka na kanka, domin a wannan mumbari ba ka da shi.

Amsoshin halal guda uku ne. Na sani, ga shi. Ban sani ba, zan bincika in dawo muku. Na sani amma ba zan iya faɗa yanzu ba, ga dalili: magana tana kotu, ko ba a sanar da iyalan mamata ba, ko ta shafi tsaro. Ta huɗun ita ce ƙarya, kuma raminta ƙurarre ne. A Afrilun 2003 ministan yaɗa labaran Iraƙi, Muhammad Sa'id al-Sahhaf, ya yi ta musanta cewa sojojin Amurka sun shiga Bagadaza alhali duniya na kallon tankokinsu a talabijin. Ranar 21 ga Janairu, 2017, a fitowarsa ta farko, kakakin fadar shugaban Amurka Sean Spicer ya dage cewa ba a taɓa samun masu kallon rantsar da shugaba kamar na Donald Trump ba, hotuna kuwa suna nuna akasin haka game da taron da ke filin. Wata shida ya yi a kujerar, kuma maganar ranar farko ba ta rabu da shi ba.

Ba ina cewa ka tona asirin gwamnati ba. Aikinka ne ka fito da hujjarta mafi ƙarfi, ka jaddada abin da ta yi daidai, ka ƙi amsa abin da bai kamata ba. Tsakanin wannan da faɗin abin da ka san ba haka yake ba akwai iyaka, kuma kowane kakaki ya san lokacin da ƙafarsa ta taka ta.

Fushi kuma ka bar shi a ofis. Wanda ke tsokanarka bidiyon daƙiƙa 20 yake nema.

Mataki na 8: Ranar masifa da ranar kuskure

Hatsari, hari, ambaliya, ko zargin almundahana: sa'ar farko ita ce komai. Fitar da gajeriyar sanarwa mai ɗauke da abin da aka tabbatar, da abin da ake yi, da lokacin da za ka sake magana. Fara da mutanen da abin ya shafa kafin kare hukuma. Kada ka ba da adadin mamata sai daga hukumar da ke da alhakin ƙirga, kuma ka ce "zuwa yanzu". Baki ɗaya ya yi magana. Ministoci uku da alƙaluma uku sun fi ji-ta-ji-ta ɓarna. In ka yi shiru, wasu za su cike gurbin, kuma ƙaryata labari ya fi kafa shi wuya.

Ka kiyayi abin da kake rubutawa a cikin gida. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da aka kai hare-hare a Amurka, Jo Moore, mai ba ministan sufurin Birtaniya shawara, ta aika saƙon imel cewa rana ce mai kyau ta fitar da duk labarin da ake so a binne. Saƙon ya fita, ta nemi afuwa, ta bar aiki a farkon 2002. Ƙasashe da yawa kuma suna da dokar 'yancin samun bayanai, Amurka tun 1966, Birtaniya 2000, Najeriya 2011, wadda za ta iya fito da takardun ofis fili.

Kuskure kuwa sai ka yi shi. Na taɓa sanar da wani adadi da wani darakta ya ba ni ta waya, ban jira takarda ba saboda ana matsa mini. Da yamma aka gano ba daidai ba ne. Wasu a ofis suka ce a yi shiru, zai wuce. Ban yarda ba. Na kira 'yan jaridar ɗaya bayan ɗaya, na fitar da gyara da sunana, ban ambaci daraktan ba. Daren ya yi mini tsawo ƙwarai. Amma bayan watanni, da aka yaɗa wani zargi marar tushe a kan maigidana na ce musu ba gaskiya ba ne, sun saurare ni, kuma na san gyaran nan ne ya saya mini wannan sauraro.

Mataki na 9: Raba gwamnati da jam'iyya

Albashinka daga baitulmali yake fitowa, har da harajin waɗanda ba su zaɓi maigidanka ba. Kada ka yi yaƙin neman zaɓe daga mumbarin gwamnati, ko da shafinta, ko da motarta. A Amurka dokar Hatch ta 1939 ta hana hakan ƙarara. Ko ƙasarka ba ta da irinta, tura tambayar jam'iyya wajen kakakin jam'iyya.

Mataki na 10: Hawa sama, da sauka

Hanyar hawa yawanci daga mataimaki ce zuwa kakakin ma'aikata, zuwa mataimakin kakakin fada, zuwa babbar kujera ko daraktan sadarwa, wanda ke tsara saƙo daga bayan fage. Abin da ke ɗaga mutum shi ne a san ba ya kwarmata sirri, ba ya neman suna. Ranar da kai ka zama labarin maimakon maigidanka, kujerarka ta fara girgiza.

Tun ranar da ka shiga ka san abin da zai sa ka fita. Jerald terHorst wata ɗaya kacal ya yi yana magana da yawun shugaban Amurka Gerald Ford; a Satumban 1974, da Ford ya yi wa tsohon shugaba Richard Nixon afuwa, ya ajiye aiki don ba zai iya kare matakin ba. Ba kowane saɓani ne ya kai murabus ba. Sau da yawa za ka yi gardama a cikin ɗaki, a kayar da kai, ka fito ka kare abin da aka yanke, kuma wannan daidai ne. Amma idan aka ce ka yi ƙarya a kan rayukan mutane ko dukiyarsu, ka faɗi matsayinka ga maigida shi kaɗai, in bai sauya ba ka rubuta takarda gajera ka tafi ba tare da tona asiri ba. Irin wannan tafiya tana yiwuwa ne ga wanda ya yi tanadin kuɗin wata shida, bai kuma ɗaga rayuwarsa ta fi ƙarfin albashinsa na da ba.

Ko ba murabus, wa'adi zai ƙare. Wasu kan koma jarida, kamar Psaki da ta tafi tashar MSNBC da Reuben Abati da ya koma Arise TV bayan aiki da Goodluck Jonathan. Seibert ya zama jakadan Jamus a Isra'ila a 2022. Wasu kan koyar, wasu su buɗe kamfanin hulɗa da jama'a. Fara tunanin naka tun saura shekara guda, kuma ka duba ko dokar ƙasarka ta sa wa tsofaffin jami'ai wa'adin jira kafin su karɓi wani aikin.

A makon ƙarshe ka haɗa wa magajinka kundin amsoshi, da jerin 'yan jarida, da tambayoyin da ka yi alƙawarin amsawa ba ka kai ga yi ba. Miƙa kalmomin sirri na shafukan hukuma a rubuce, a sa hannu. Takardun gwamnati ka bar su a ofis, ka tambayi sashen shari'a matsayin littattafan rubutunka kafin ka fita da su. Sannan ka kira 'yan jaridar da kuka yi aiki tare, har waɗanda kuka fi sa-in-sa da su, ka ba su lambar wanda ya gaje ka.